Wasiƙa daga Landan: Wa ke biyan mai gona idan kamfanin mai ya ɓata ƙasa?

Assalamu alaikum iyayena, yayyena da ƙannena na Injamena, Mundu da Kusiri. Ina fata wannan takarda ta same ku lafiya.

Maganar kamfanonin mai ce ta sa na rubuto. Tun da aka buɗe bututun mai daga Doba a kudancin Chadi zuwa Kiribi a gaɓar tekun Kamaru a 2003, mai tsawon kilomita 1,070, ake mana alkawarin arziki, amma wanda ɓarna ta faɗa wa gonarsa ko garkensa shi kaɗai ake bari da kukansa.

Kun tuna 2013, lokacin da gwamnatin Chadi ta dakatar da kamfanin mai na CNPC na China saboda ɗanyen man da aka tarar an zubar cikin ramuka a Kudalwa. An ci shi tarar dala biliyan 1.2, daga baya a 2014 aka daidaita a kan dala miliyan 400. Na yaba da wannan tsayin daka, domin ba kowace gwamnati ke iya haɗa ido da irin wannan kamfani ba. Sai dai gwamnati ce ta yi ƙara, ita ce kuma aka biya. Tara daban, diyyar talaka daban.

Abin da ya faru a Badila, wani filin haƙar mai a kudancin Chadi, ya fi ci mini rai. A watan Satumba na 2018 wani tafkin dagwalon ruwa na rijiyoyin man kamfanin Glencore ya ɓalle, lita miliyan 85 ta kwarara cikin gonaki da kogin Nya Pende. Mazauna wurin kimanin 50 suka ce sun samu ƙuna da gyambo a jiki bayan sun taɓa ruwan, har da yara, dabbobi da kifi kuma suka mutu. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta RAID da ke nan Landan da takwarorinta na Chadi suka kai ƙorafi wani ofishin gwamnatin Birtaniya a 2020. Ofishin ba kotu ba ne, ba ya iya tilasta biyan ko sisi. A 2022 Glencore ya sayar wa kamfanin Perenco rijiyoyin ya tafi. Masuntanmu na Logon, ruwan wancan yanki ta wajenku yake biyowa.

Duk da haka ƙofa ta fara buɗewa. A 2019 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yarda mutanen ƙauyukan Zambiya su yi ƙarar Vedanta a Ingila, wato uwar kamfanin haƙar ma'adinan da suke zargi da ɓata musu ruwa. A Holan, manoma huɗu daga Neja Delta sun shigar da ƙarar kamfanin Shell a 2008 saboda malalar mai a ƙauyukansu. Kotun ɗaukaka ƙara ta ba su gaskiya a Janairun 2021, aka amince da biyan Yuro miliyan 15 a 2022. Wasu cikinsu sun rasu kafin hukunci, 'ya'yansu suka ci gaba da shari'ar.

Alƙali hujja yake nema, kuma a nan ake kayar da mu. Idan ruwa ya canza launi ko ya fara wari, a ɗauki hoto da waya ranar, a ɗebi ruwan a kwalba mai tsabta gaban bulama da shaidu, a rubuta kwanan wata. Yaron da ya ƙone a kai shi asibiti, a adana katinsa. Saniyar da ta faɗi, a nemo likitan dabbobi ya rubuta takarda kafin a binne ta. Don Allah kuma, Alhaji, idan wakilin kamfani ya zo da 'yan sefa a ambulan da takardar Faransanci, kada a dangwala yatsa sai wanda aka amince da shi ya karanta, domin sau da yawa yafe haƙƙin ƙara ne a ciki.

Ƙannenmu da suka karanta lauya a Jami'ar Injamena, ku sauka Doba da Bongor ku taimaka a haɗa waɗannan takardu ƙauye ƙauye, da sunan kowane mai gona da kowane mai shanu.

A gaishe da mutanen gida. Wassalam.