Inda aka kwana kan K24: manifol ɗin da muka tsayar

'Yan uwa masu koyo, aikin injin K24 na motar Honda Accord da muke haɗawa don tseren mita 402 ya kawo kan manifol, wato bututan da ke raba iska ga silinda huɗu.

Abin da za a fara dubawa shi ne juyin da injin zai zauna a kai lokacin tseren. A duba inda allurar juyin injin take komawa bayan an canza giya. In ana canzawa a juyi 6,500 a minti, ta faɗo wajen 4,500, to tsakanin nan manifol zai yi aikinsa. Ƙarfin da ke sama da haka ba za a taɓa shi ba.

Ga dalili. Bawul, wato ƙofar da iska ke bi ta shiga silinda, na rufewa, iskar da ke gudu a bututu sai ta yi karo, matsinta ya koma baya ya sake dawowa. In ya iso daidai lokacin da bawul ke buɗe, ya tura ƙarin iska cikin silinda. A dogon bututu tafiyar tana ɗaukar lokaci, sai ta dace da ƙaramin juyi da matsakaici. Gajeren bututu mai faɗi na babban juyi ne.

Shi ya sa manifol ɗin da ake kira RBC, na motar Civic Si daga 2006 zuwa 2011, yake da farin jini: gajere ne, an yi shi don injin K20 mai kaiwa juyi 8,000. Amma K24A4, nau'in K24 na Accord 2003 zuwa 2005, yana tsayawa a 6,500, kamshaf ɗinsa, wato sandar da ke sarrafa bawul, kuma ba ya buɗe bawul sosai a sama. A ɗora masa RBC haka nan, ƙarfin tashi ya ragu, saman da ake nema kuma bai samu ba. A ganina asarar kuɗi ce. Mun tsaya kan mai dogon bututu har sai an sauya hed, wato kan injin, da kamshaf zuwa na K24A2, wani nau'in K24 mai jure babban juyi.

Mu na Jos muna da ƙarin dalili. Garin yana sama da mita 1,200 daga teku, iska ba ta da kauri. Ku kunna makulli ba tare da tada injin ba, na'urar duba mota za ta nuna matsin iska wajen 88 kPa, alhali a bakin teku 101 ne. Injin da ba turbo ya riga ya rasa fiye da kashi goma cikin ɗari na ƙarfinsa, don haka ba a wasa da ƙarfin tashi.

Wajen ɗaurawa, a sa sabon gasket, kada a maimaita tsoho. A ɗaure notuna daga tsakiya zuwa gefe, 22 Nm. Wanda ya sayi RBC kuma totur ɗin motarsa na kebul ne, ba na lantarki ba, sai ya nemi farantin haɗi, don ramukan ba sa haɗuwa. In silo, wato juyin injin ba a taka totur ba, yana hawa yana sauka, iska ce ke sata: a fesa ruwan wanke kabureta kaɗan a bakin gasket, a yi nesa da salansa mai zafi, inda ƙarar injin ta sauya, nan ɓarakar take. Filogi ya yi fari fat, mai ya yi kaɗan, sai an sake saita birenbos, wato kwamfutar injin, kafin a taka sosai, in ba haka ba fistin ne zai ƙone.

Gwaji a rufaffen fili ne, ba titin da jama'a ke bi ba. Mataki na gaba: auna matsin kowace silinda kafin a sauke hed.