Katin gayyata da Turanci: shirun namu ne ya fi ba ni wahala

Da aka tashi bikin ɗiyar yayata a Manchester, ni aka ɗora wa aikin katin gayyata, saboda na fi kowa daɗewa a Ingila kuma da Turawa nake aiki. Ɗaurin aure a masallaci bai ba mu wahala ba, sanarwa kawai aka yi. Liyafar dare ce mai lissafi. Ɗakin taron da muka kama mutum 150 aka yarda ya ɗauka, masu abinci kuma kowace kujera da kuɗinta, sannan mako biyu kafin ranar suke son a ba su adadin ƙarshe.

Rubutun katin bai ɗauke ni lokaci ba. Gayyatar girmamawa da Turanci ba a cewa "ni" ko "kai" a cikinta. Sunayen iyayen amarya ne a sama, sai "request the pleasure of the company of", wato suna farin cikin gayyatar wane, sai sunan wanda ake gayyata da rubutun hannu, sai rana da wuri da lokaci. Na rubuta sunan wata da haruffa, domin muna da dangi a Amurka, kuma su idan suka ga 4/11 za su karanta 11 ga Afrilu, alhali mu 4 ga Nuwamba muke nufi. Na sa "6.30 for 7.00", wato a fara isowa shida da rabi, a zauna cin abinci ƙarfe bakwai. A ƙasa na sa RSVP, wato a sanar da mu ko za a zo ko ba za a zo ba, da ranar da za a rufe karɓar amsa, da layin da ke tambayar ko akwai abincin da mutum ba ya ci.

Cikin mako guda abokan aikina da maƙwabta duk sun amsa. Wata dattijuwa da ke gidan kusa da namu har wasiƙa ta rubuto da alƙalami, a kan tsarin katin, ita ma ba "ni" a ciki: ta gode wa iyayen amarya, ta ce "has much pleasure in accepting", wato ta karɓi gayyatar da farin ciki, ta maimaita rana da lokaci don a tabbatar ta fahimta. Wani abokin aikina ya rubuto cewa "regrets that he is unable to attend", wato yana ba da haƙuri ba zai samu zuwa ba, saboda ya riga ya yi wani alkawari. Layi uku, ba dogon bayani, kuma a ranar na ba wani kujerarsa. Wata kuma ta same ni a wurin aiki tana tambaya cikin nauyi ko gayyatar ta haɗa da mijinta, tunda sunanta kaɗai ta gani a ambulan. A wurinsu sunan da ke kan ambulan shi ne iyakar gayyatar. Idan ba a rubuta yara ba, sai su nemi wanda zai zauna musu da su a gida.

Namu kuwa shiru. Ranar rufe amsa ta zo, ko rabinsu ba su ce uffan ba. Na san dalili, ban kuma ɗauka raini ba ne. A katunan da muka saba gani a Kano da Kaduna, ƙarƙashin RSVP lambobin waya ne na waɗanda za a kira idan an ɓace hanya, ba wanda ke jiran a ce masa za a zo. Sai na bi su ɗaya bayan ɗaya a waya. "Hajiya, za ku samu zuwa?" "Haba 'yar nan, har sai kin tambaya? In sha Allahu." "To ku nawa ne?" "Allah dai ya kai mu." Da wannan amsar za ni wurin masu abinci?

Na gaya wa Yaya mu tsaya a kan waɗanda suka faɗi adadi. Ta ce, "Ke, so kike a ce mun yi rowa? Biki ai na mutane ne." Muka yi kintace, muka ba da 140, muka bar goma ko da wani zai ƙaru.

Kafin ƙarfe takwas ɗakin ya cika. Wanda aka rubuta wa kati shi da matarsa ya zo da yara huɗu da baƙon da ya sauka a gidansa. Waɗanda ba su ce komai ba suka cika mota daga Leeds da Birmingham. Mai kula da ɗakin ya tsaya a ƙofa ya ce ba wanda zai ƙara shiga, domin adadin na ƙa'idar kariya daga gobara ne, ba abin da za a roƙe shi ya sassauta ba. Cikin waɗanda suka tsaya a waje cikin sanyin Nuwamba har da wani dattijo aminin mahaifin ango, wanda yana cikin 'yan kaɗan da suka kira tun da wuri suka ce shi da iyalinsa su biyu ne. Wannan ne har yau yake ci mini rai. Mutumin da ya yi abin da kati ya nema shi ya rasa kujera. Sai da samarin gidanmu suka fita aka shigo da shi. Kuɗin ƙarin abincin da aka caje mu daga baya na manta zafinsa, amma tsayuwar Baba a ƙofa ban manta ba.

Da hankali ya kwanta wasu suka ce mini wannan tsarin Turawa ne, bai dace da mu ba. Ban yarda ba. Amsa gayyata tana cikin haƙƙoƙin Musulmi a kan ɗan'uwansa. Kuma a Sahihul Bukhari akwai labarin Abu Shu'aib, wanda ya sa aka dafa abincin mutum biyar ya gayyaci Annabi (SAW) a cikinsu. Wani mutum ya biyo su, da suka isa Annabi (SAW) ya gaya wa mai gida cewa wannan ya biyo su, in ya so ya ba shi izini, in bai so ba ya koma. Mai gida ya ba shi izini, amma sai da aka tambaye shi.

Gayyatar abokai ba ta da wannan nauyin, saƙon waya ya isa. "Are you free for dinner on Saturday?" Ka ce "I'd love to", ko ka ce "Sorry, I can't make it" ka kawo wata rana. Ko a nan amsa ake jira, kuma "a'a" da wuri ba ta ɓata zumunci. Idan kuwa Bature ya ce ka zo gidansa wata rana bai faɗi rana da lokaci ba, fara'a ce kawai, sai ya sa rana sannan ta zama gayyata.

Yanzu duk katin da ya shigo gidana a ranar nake amsa shi, in faɗi ko mu nawa ne. Idan kuma ni ce mai gayyata, ina rubuta sunan kowa a ambulan har da yara, in ƙara layi ɗaya da Hausa a bayan katin cewa kujeru a ƙirge suke, in matso da ranar rufe amsa mako guda kafin wadda masu abinci suka ba ni, don in sami sararin bin mutane a waya. Wanda ya ce "in sha Allahu" sai in ce masa amin, sannan in sake tambaya su nawa zan rubuta.

Bikin ƙanen amaryar na tafe, kuma Yaya ta sake miƙo mini aikin katin. Na ce na karɓa da sharaɗin za a ajiye takardar sunaye a ƙofa. Ta ce ita ba za ta iya kallon idon dangi ba idan aka yi haka. Na ce to ni zan tsaya a ƙofar.