Aikin gona a Italiya: daga akwatin tumatir zuwa garken shanu

Mutanen gida idan suka ji an ce wane yana Italiya, birni suke hangowa: benaye, jirgin ƙasa, shaguna masu gilashi. Alhali da yawa daga cikinmu da muka ƙetaro teku a karkara muka yada zango, kuma gona ce ta fara ciyar da mu. Ni a yankin Kadawa na tashi, inda ake noman rani da ruwan madatsar Tiga, don haka tumatir ba baƙona ba ne. Abin da ya zame mini baƙo shi ne yadda aka yayyanka aikin gona a nan, kowane kashi da mutanensa, da farashinsa, da takardar da ake nema kafin a ba ka shi.

A can ƙasan tsani akwai masu tsinka. Nan na fara, a filayen Fojiya da ke jihar Puliya, inda ake noman tumatir ɗin gwangwani. Na zauna a Borgo Mezanone, garin bukkokin kwano da katako da ya tsiro a kan tsohon titin saukar jiragen soja, ga masallatai, ga masu gasa nama, ga Hausar Kumasi da ta Agadas da ta Kano duk a layi ɗaya. Tun kafin asuba mai kwasar lebura, wanda ake kira kaporale, yake zuwa da motarsa. Yuro 5 kuɗin mota, ko ka yi aiki da yawa ko kaɗan. A gona ba a bin tumatir ɗaya bayan ɗaya ana zuba wa a kwando. Tuge shukar ake yi gaba ɗaya, a karkaɗe ta cikin wani ƙaton akwati mai cin kilo 300, a lokacin da nake can ana biyan Yuro uku da rabi ko huɗu a kan kowane akwati. Kuma ko wannan aikin inji ya cinye mafi yawansa. An fi neman hannunmu idan an yi ruwa, gona ta yi taɓo, inji ya kasa shiga.

Da tumatir ya ƙare a Satumba sai a watse. Wasu su gangara Rosarno a Kalabiriya tsinkar lemo cikin hunturu, wasu su haura Saluzo a arewa don tuffa. Ci-rani ke nan, sai dai wanda ba a komawa gida idan damina ta faɗi.

Wani dattijo mutumin zangon Kumasi, wanda ya fi shekara ashirin a ƙasar, shi ya zaunar da ni wata rana bayan sallar isha'i. Ya ce, "Ɗana, ƙarfi kowa ya zo da shi, shi ya sa ba shi da tsada. Kai dai ka kula da ranakun da aka rubuta maka." Na ce, "Baba, wane rubutu?" Sai ya ciro takardar albashinsa ya nuna mini.

Ashe a nan duk ranar da leburan gona ya yi aiki, mai gona ne zai kai rahotonta ga hukumar inshorar ma'aikata. Wanda aka rubuta wa kwana 102 a cikin shekara biyu yana da haƙƙin kuɗin zaman rashin aiki, kashi 40 cikin ɗari na ladan ranakun da aka rubuta masa a shekarar da ta wuce, muddin ya shigar da buƙata kafin ƙarshen Maris. Da waɗannan takardu ne kuma ake sabunta izinin zama, ake kama hayar ɗaki mai adireshi. Cutar da aka fi yi mana a nan take: ka yi aikin wata guda cur, a rubuta maka mako ɗaya, sauran a miƙo maka a hannu. Kuɗin ya shiga aljihu, amma a idon hukuma zaman banza ka yi. A ganina wannan ya fi ƙarancin lada illa, domin shi ke tsare mutum a bukka shekara da shekaru.

An ɗan samu sauyi, ba a banza ba. A 2011 lebura suka yi yajin aiki a Nardo, wani ɗalibi ɗan Kamaru mai suna Yvan Sagnet yana gaba. A 2016 aka yi dokar da ta sa hukunci ya hau kan mai gonar da ke ci da gumin lebura, ba kaporale kaɗai ba. Duk da haka a Agustan 2018 lebura 16 suka rasu a haɗarin mota biyu cikin kwana uku a yankin Fojiya, suna dawowa daga gona.

Sama da masu tsinka akwai masu sana'a a hannu, kuma su ba sa bin kaporale. Mai datse rassan inabi da zaitun cikin hunturu, mai gona da kansa yake kiransa a waya, domin reshe ɗaya da aka yanke ba daidai ba yana rage amfanin shekara. Haka mai aurar da itatuwa. Direban tarakta sai ya yi ɗan gajeren kwas ya karɓi shaida, wadda ake sabuntawa duk shekara biyar. Akwai mai shimfiɗa bututun ban ruwa, akwai mai feshi wanda shi ma sai da lasisi. Can sama kuma malamin gona mai digiri, wanda ke duba ƙasa ya ce a zuba kaza. Duk waɗannan harshe ne ƙofarsu. Wanda bai iya Italiyanci ba, ko ya fi kowa sanin ƙasa, a akwati za a bar shi. Ni makarantar yamma ta manya na shiga, da gajiyata da komai.

Yanzu ina wata gonar shanu kusa da Rejo Emiliya, inda madararmu ke tafiya wajen yin cukun Parmigiano Reggiano. Wannan aiki Indiyawa 'yan Panjab ne suka daɗe da riƙe shi, har suna da babban wurin ibadarsu a Nobelara, kuma ɗaya daga cikinsu ne ya koya mini. Ana tatsa sau biyu, da asuba da la'asar, da inji. Amma inji ba ya gane saniyar da hantsarta ta fara kumburi, ko wadda ke ɗingishi, ko maraƙin da ya ƙi shan nono. Wannan idon ake biya. Dokar cukun ma ta hana a ba shanun ciyawar da aka tsima, sai ɗanya ko busasshiya. An taɓa yi mini tayin aiki a gonar aladu da ke maƙwabtaka, albashi ya ɗan fi, na ce a kai kasuwa.

Kwantiragina na dindindin ne, da ɗaki a cikin gonar, da hutun shekara. Wahalarsa ita ce saniya ba ta san Lahadi ba, ba ta san Sallah ba. Ranar idi sai na yi musaya da abokin aikina Basikhe, wato ɗan Panjab mai bin addinin Sikh, ni kuma in tsaya masa ranar bikinsu. Kaɗaici ma akwai shi, don a Borgo ko ba komai kana jin Hausa, a nan kuwa sai hazo da kukan shanu. Idan hunturu ya shigo zan fara kwas ɗin yi wa shanu barbara ta allura, mai gonar ya yarda zai biya rabin kuɗin.