Kano zuwa Yerwa da matacciyar waya

Ranar Talatar da na kama hanyar Maiduguri, mun yi kusan mako guda ba mu ga ƙyallin wuta a Kano ba. Ƙarshen Oktoban 2024 ne, lokacin da aka lalata layin da ke kawo wuta daga Shiroro, Arewa kusan gaba ɗayanta ta faɗa duhu. Mai cajin unguwarmu ya ninka kuɗinsa, kuma duk da haka sai ka bi layi. Na karɓo wayata da asuba da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Kafin mu haye gadar Wudil ta yi ƙyaf sau biyu ta mutu a hannuna.

Jaje zan je. Gwaggona, ƙanwar mahaifina, aure ya kai ta unguwar Gwange tun kafin a haife ni. A daren da ya waye 10 ga Satumba dam ɗin Alau ya ɓalle, kogin Ngadda ya tumbatsa ya shiga gari, abin da rabon mutanen Yerwa da ganin irinsa tun 1994. Mako bakwai cur ina cewa gobe zan tafi. Ina fakewa da kuɗin mota, kuma ba ƙarya na yi ba, domin tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 tafiya ta zama sai dole, ga lita ta haura naira 1,000. Amma can ƙasan zuciyata na san tsoron abin da zan tarar ne ya zaunar da ni.

Ina da wata ɗabi'a da uwargidana ta gaji da yi mini faɗa a kanta. Kafin in kurkure baki da safe na riga na san mutum nawa aka sace a Zamfara, nawa suka nutse a kwale-kwale, nawa dala ta kai. Makonni biyu kafin tafiyar nan tankar mai ta yi bindiga a Majiya ta Jigawa, mutum sama da 150 suka rasu, kuma babu bidiyon da ban kalla ba. Ta kan ce na zama gidan rediyon mutuwa. To yau ga shi an kashe gidan rediyon, ga tafiyar kusan kilomita 600 a gabana.

Mu huɗu aka cusa a layin tsakiya na Sharon. Damana wani dattijo ne mai farin gemu da zai sauka a Potiskum, hagu kuma wata Hajiya ce 'yar Maiduguri mai sayar da turaren wuta da humra, ta zo Kantin Kwari sarin atamfa. Ƙamshinta kaɗai ya hana warin fetur ɗin da direba ya ɗaure a jarka ya hallaka mu. Da na rasa abin dannawa sai na juya na gai da dattijon.

"Baba, ina labari?"

"Sai alheri."

Ban san abin da ya hau kaina ba, na ce, "Baba, wane alheri kuma ya rage a ƙasar nan?"

Bai ba ni amsa nan take ba. Ya gama ɓare goronsa, ya miƙa wa direba ɓari, sannan ya nuna taga da haɓa. Mun wuce Shuwarin ke nan. Gonaki hagu da dama an yanke riɗi an tsayar da shi ɗaure-ɗaure yana shan rana, dawa ta sunkuyar da kai, wasu yara suna tafe bayan amalanke da damman gero har ya fi shanun tsawo.

"Malam, wannan a waya ake sa shi?" in ji shi.

Motar ta ɗauki dariya. Daga nan kuma sai abin ya zama wasa ba tare da kowa ya tsara ba. Baba ya ce jikarsa ta sauke Alƙur'ani, ranar Asabar za a yi walima, shi ya sa zai kai ɗan maraƙinsa kasuwa gobe. Hajiya ta ce wata mata da ta ci mata bashin turare shekara biyu, har ta cire rai, jiya ta aiko da kuɗin cif. Wani saurayi a baya ya ce an kira shi gwajin aiki a Damaturu. Direba ya leƙo ta madubi ya ce shi dai tun Juma'a taya ba ta fashe masa ba, a taya shi da addu'a. Da aka zo kaina sai na yi tsuru-tsuru. Zan iya lissafa musu masifu goma da ranakunsu, amma abin daɗi guda da ya same ni a makon nan sai da na yi ta lalube. Daga ƙarshe na ce ƙaramin ɗana ya fara tafiya. Hajiya ta rangaɗa 'yar guɗa a hankali ta ce, "Kuma ka zauna da wannan a ciki tun daga Kano?"

A raina na ce wannan duk kawar da kai ne, irin na talaka da ya saba da wahala har ya daina ganinta. Haka na riƙe har muka kusa Azare, inda ruwan Agusta ya yanke kwalta gida biyu. An yi ciko, motoci na bi ɗaya bayan ɗaya a hankali. Nan Baba ya buɗe baki ya wanke masu kwangila tas, ya faɗi shekarar da aka fara aikin tagwaita hanyar nan, 2006, ya ce an fara shi yana da baƙin gemu. Ashe yana gani sarai. Lissafinsa ne kawai yake da shafi biyu, nawa kuwa ɗaya.

A Potiskum muka yi sallah muka ci abinci a tsaitsaye. Gari ya cika da tireloli da kukan shanu, domin gobe Laraba ce, ranar babbar kasuwar dabbobi. Baba ya sauka ya bar mini goro biyu, ya ce in kai wa mai jajen. Direba kuwa sai ƙwala kira yake, a shiga a shiga, don duk wanda ya san hanyar nan ya san ba a wasa da lokaci. Da yamma sojoji kan rufe ƙofar shiga Maiduguri, wanda ya makara sai ya kwana a waje.

Daga Damaturu hira ta mutu. Kilomita 130 da 'yan kai ne, amma sun fi duk na baya tsawo. Shinge bayan shinge, buhunan yashi, ramin da aka haƙa ya kewaye gari. Benisheik, Mainok, Jakana. A gefen hanya akwai gawarwakin motoci da tsatsa ta cinye, ciyawa ta tsiro ta tagoginsu. Da muka iso Auno na tuna Fabrairun 2020, lokacin da matafiyan da aka rufe wa ƙofa suka kwana a nan aka far musu cikin dare, aƙalla mutum 30 suka rasu. Na ji bakina ya bushe.

Hajiya ta taɓo ni da gefen mayafinta. "Malam, dubi can."

'Yan mata ne su biyar da farantan gyaɗa da dafaffen wake, bayansu kuma 'yan makaranta sun taso, rigunansu duk ƙura, ɗaya yana jan ƙaninsa yana kuka.

"Ni na bi hanyar nan a 2014," ta ce, "lokacin ita kaɗai ta rage ana shiga gari da ita. Tun daga Damaturu ko kaza ba ka gani. Yanzu duk wucewa sai na ƙirga masu talla. Ran nan na samu arba'in da ɗaya."

Ta sayi gyaɗar da ba ta buƙata, ta raba wa motar.

Mun wuce ƙofar Njimtilo ana kiran la'asar. Na hau keke napep, domin tun 2011 aka hana babur a garin. Yammacin birni lafiya lau, kamar ba abin da ya faru: shaguna a buɗe, masu shayi suna hura wuta, itatuwan dalbejiya sun yi wa titi rumfa. Sai da muka gangara wajen kogi muka haye gada sannan na fara ganin layin. Wani zane ne ruwan ƙasa, miƙaƙƙe kamar an ja shi da igiyar magina, ya bi bangon kowane gida da masallaci da shago. A wani wurin iya ƙirji, a wani wurin ya haura saman taga. Gidajen ƙasa kuwa babu layi a jikinsu don babu bangon. Kogin da ya yi wannan aikin yana kwance a ƙasan gada, yara suna wanka a ciki.

Na tarar da Gwaggo a tsakar gida kan tabarma, ta baje kan keken ɗinkinta a tire, tana goge ƙananan ƙarafa da tsumma da kananzir. Sunan kakana aka sa mini, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba.

"Babana! Sai yau? Wushe, wushe da hanya."

Na durƙusa na fara jero jajen da na haddace tun daga Kano. Ta bar ni na kai aya, ta ce Allah ya ba da lada, sannan ta kama hannuna ta ce in zo in gani. Na ɗauka asarar za ta nuna mini. Katangar gabas ta faɗi, an kafa zana a wurin. Ɗakin da ta tara kayan auren autarta shekara huɗu babu komai a ciki sai warin danshi. Duk ta wuce su ba ta ko waiwaya ba. Inda ta kai ni shi ne bayan ɗaki, wurin wata akuya ja da 'ya'ya biyu suna tsalle.

Da ruwan ya shigo wajen ƙarfe biyun dare, ta ce, da kayan jikinsu kawai suka fita. Wani maƙwabcinsu mai gidan bene, wanda shekara goma gaisuwa kaɗai ke haɗa su, shi ya buɗe ƙofa ya yi ta jawo mutane sama. Jikanta ɗan shekara goma sha biyu ya ƙi tafiya sai da akuyar, ya saɓo ta a wuya ruwa na dukan ƙirjinsa. Kwana biyu suka yi a saman benen kafin masu kwale-kwale su kwashe su. A daren farko akuyar ta haihu, a tsakiyar mutane, wata ungozoma da ke cikinsu ta karɓi haihuwar.

"Mata suna kuka, sai ga 'yan biyu. Wallahi Babana sai da aka yi dariya. Wata ta ce a yi suna."

Ta kai ni ɗakin marigayi mijinta. Alƙur'aninsa rubutun hannu ne, irin na Barebari, warƙa-warƙa a cikin gafaka. A saman kabad yake, ruwa ya taɓa gindinsa kawai. Da suka dawo ita da jikokin suka shimfiɗa shi ɗaya-ɗaya a inuwa, kowace warƙa da ɗan dutse a kanta, kwana tara. Ta ciro guda ta miƙo mini. Gefen ya yi tabo kamar an zuba shayi, tawadar ja ta wasali ta ɗan bazu, amma baƙaƙen suna nan daram. Warƙa uku kaɗai suka lalace, kuma wani alaramma a layinsu ya ce zai rubuta mata su kyauta.

Kada in sa ku ɗauka waliyyiya na je na gani. Da dare, bayan mun ci burabusko da miyar kuka, ta zauna ta yi faɗa son ranta. Ta ce an daɗe ana cewa dam ɗin nan yana ciwo, waɗanda aka ɗora wa kula da shi suna ina? Ta ce an rubuta sunanta sau uku a takardar tallafi, har yau tana jira. Ta ambaci wata tsohuwa a bayan layinsu da ba a samu fitar da ita ba, muryarta ta karye, ta ja gefen laffayarta ta rufe fuska. Na yi shiru don ban da abin cewa. Can sai ta share ido ta ce, "Ka san an sa ranar kuwa? Bayan ƙaramar sallah. Dangin yaron sun aiko cewa ko da tabarma ɗaya a kawo musu ita."

Washegari na bi jikanta zuwa Monday Market neman bel ɗin keke. Kasuwar nan gobara ta cinye ta a Fabrairun 2023, an sake gina ta, ruwa kuma ya zo ya shiga. Wani mai atamfa ya shanya waɗanda suka jiƙe, ya karya kuɗinsu, yana kiran mata da cewa su zo ga wadda an riga an wanke musu. A nan na ba da wayata caji wurin wani mai sola. Da ta kawo, saƙonni suka yi ta shigowa kamar ƙudan zuma. Na buɗe na uwargida kawai. An kawo wuta, ta ce, kuma yaron ya taka daga bakin gado har ƙofa bai faɗi ba. Na karanta wa Gwaggo da muka koma. Ta sa na maimaita.

Kafin magariba mun ɗaura bel. Ta ɗiga mai, ta juya da hannu, ta ɗora ƙafa. Keken ya yi gardama, ya yi wani ƙara kamar mai tari, sannan ya kama. Ta jawo wani tsohon ƙyalle ta bi shi da layi ɗaya, ta ɗaga shi saitin fitila tana duba ɗinkin ciki da waje. Maƙwabciya ta leƙo ta saman zana ta ce tana da kayan makarantar yara guda biyu, nawa ne?

Da asubar Juma'a ta rako ni har bakin layi, ta cusa mini kwalbar turare a aljihu ta ce in kai wa matata. Na ba ta goron Baban Potiskum da na manta da shi a jaka, ya ɗan yi yaushi. Ta karɓa ta ɗaure a bakin zane.

"In za ka dawo biki ka taho mini da allura mai lamba 16, fakiti biyu," ta ce. "Ta nan duk ta yi tsatsa."