Tsakanin Galmi da Jos

Da asuba motarmu ta shiga Jos, cikin watan Disamba, ni kuwa daga ni sai jamfa mara nauyi. Mu ma muna da ɗari a Galmi, garinmu a Nijar, amma na tsaunin nan daban ne, har ƙashi yake shiga. Na tsallako ta Konni da Illela da 'yar jakata da takardar ikkilisiyarmu, wadda ta aiko ni aikin bishara, in zauna cikin 'yan ƙasarmu masu zuwa cin rani: masu shayi, 'yan ga-ruwa, masu gadi, fataken albasa.

Sunan Jos ba baƙo ba ne a kunnena. 'Yan mishan na SIM da suka shiga Nijar ta Damagaram a 1924 su ne suka buɗe asibitin Galmi a 1950, kuma a harabarsa babana ya fara jin bishara, yana jinyar ƙanensa. Tun muna yara muke jin cewa a Jos hedikwatar ECWA take, wato ikkilisiyar da ta fito daga aikin SIM a Najeriya. Don haka na zo da zuciya ɗaya, ina ganin gidan dangi zan sauka.

Lahadin farko ta girgiza ni. Na isa ƙofar coci da hulata, na yi gaisuwa da Hausar da uwata ta koya mini. Dattijon da ke tsaron ƙofa ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Malam, wa kake nema?" Na ce sujada na zo. Bai matsa ba sai da ya karanta takardata har ƙarshe. Sannan ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya ce, "Yi haƙuri, ɗana. Garin ne ya koya mana haka."

Maganar ta yi mini ciwo, har yau ina jin ta. A gida ni Bahaushe ne kuma Kirista, maƙwabtanmu Musulmi sun san haka, tare muke suna da biki da zaman makoki. A nan kuwa, tun rikicin 2001, unguwanni sun rabu, kuma wanda ya ji Hausata ya riga ya yanke mini addini. Na yi makonni ina addu'a da nauyin zuciya, ina tambayar Ubangiji ko da gaske nan ya kira ni.

Matar dattijon nan ce ta fara warware mini. Wata yamma ta aiko jikanta da kwanon gwaten acca mai zafi da tsohuwar rigar sanyin mijinta. Ban taɓa cin acca ba sai ranar. Yau shi ne Baba, ita ce Mama, kuma a tsakar gidansu aka raɗa wa 'yata suna. Birom ne su, Hausarsu ba irin tawa ba ce, amma idan aka ɗaga waƙa baki ɗaya muke yi.

Sauran kwanakin mako a kasuwar Farin Gada nake. Akwai wani mai albasa daga wajen Madawa, idan ya hango ni sai ya ce, "Ga ɗan gida!" Mu zauna a kan buhu, a haɗa shayi, yana lissafin cinikinsa da jikka da dala kamar muna can. Musulmi ne, ya san aikina sarai, bai karɓi maganata ba, bai kuma taɓa hana ni wurin zama ba.

Da aka yi juyin mulki a Yamai ranar 26 ga Yulin 2023 aka rufe iyaka, uwata na kwance ba lafiya. Wata bakwai da 'yan kai ina jin muryarta a waya kawai. Zumuntar matan coci suka riƙa zuwa gidana da addu'a, mutanen kasuwa kuma duk wanda ya samu labarin gida sai ya kawo mini.

Ana buɗewa a Maris 2024 na tafi. Na same ta ta tashi, tana zaune a inuwar dalbejiya. Mako uku na yi, kullum da yamma ina kiran Baba in ji ko an fara ruwa a Jos. Tana ji, ba ta ce komai ba. Ranar da zan dawo ta ɗaure albasa da gero a tsohon zanenta, ta miƙo mini, ta ce, "Ka kai wa iyayenka na can, ka ce ina gaishe su."