Dillalin littafi da la'adarsa: yadda na buga littafin Hausa daga Jidda

Akwai abin da duk mai niyyar rubuta littafin Hausa a ƙasar Hijaz ya kamata ya sani tun bai ɗauki biro ba. Hausawan nan suna jin Hausa, da ita suke ciniki a Shara Mansur ta Makka, da ita ake raha a gidan biki, amma yawancin waɗanda aka haifa a nan ba sa karanta ta. Makarantarsu ta Larabci ce. Ka miƙa wa saurayi ɗan gidan Hausawi takarda da rubutun boko, zai yi ta kokawa da ita kamar Turanci, kafin layi na uku ya ajiye. Ni kuwa a Kano na yi firamare da sakandare, karatu ya kawo ni Madina, aiki ya zaunar da ni a Jidda, don haka hannuna ya fi sakewa da boko. Duk wahalar da na sha wajen fitar da littafina daga nan ta samo asali.

Littafin na labarin tsofaffinmu ne da suka zo da ƙafa, ko aka goyo su aka zo da su. Hanyar sananniya ce ga wanda ya zauna da su: Kano, Maiduguri, Fort Lami da yanzu ake kira Njamena, Abeshe, Junaina, Fashir, Ubayyid, a yada zango a gonakin auduga na Jazira ta Sudan a nemi guzuri, wani ya shekara biyar wani goma, sannan Sawakin, sannan teku. Wasu kakanninsu na cikin jama'ar da ta yi gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, waɗanda suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu. Na daɗe ina naɗar hirarsu a waya ba tare da wata manufa ba. Abin da ya zaburar da ni shi ne rusau ɗin da aka fara a tsofaffin unguwannin Jidda a ƙarshen 2021 ya zarce cikin 2022, irin su Sabil da Karantina da Gulel. Maƙwabtan shekara arba'in suka watse, tsohuwar da kake samu a ƙofar gida kullum la'asar sai ka neme ta ka rasa. Na ga in ban rubuta yanzu ba, to an gama.

Da farko a Facebook na riƙa sakin labaran, ɗaya duk ranar Juma'a. Masu karatu suka taru, amma daga Kano da Zariya da Damagaram da Kumasi, sai ɗaiɗaiku daga Gadarif. Mutanen Makka da Jidda, waɗanda labarin iyayensu ne, sai dai wani ya karanta musu. Wannan sakin na mako-mako ya yi mini amfanin da ba wani edita da zai yi mini. Babin da na fi taƙama da shi, mai cike da shekaru da sunayen sarakuna, ko tari ba a yi a kansa ba. Labarin wata baiwar Allah da ta haihu a hanya tsakanin Abeshe da Adire kuwa, aka kwana ana yaɗa shi. Wani dattijo daga Sudan ya aiko mini da saƙon murya mai tsawo yana gyara mini jerin garuruwan da ke tsakanin Ubayyid da Madani, kuma shi ne da gaskiya. Sai dai abin da ka saka a intanet ya bar hannunka. Na tarar da labaraina a zaurukan WhatsApp an cire sunana, na ji wani yana karanta su a YouTube da kiɗa a ƙarƙashi. Shawarar da nake ba matasa yanzu ita ce su saki kashi ɗaya cikin uku, su riƙe sauran. Wanda ya ɗanɗana zai biyo, kamfanin ɗab'i kuma ba ya son zuba kuɗi a kan abin da kowa ya riga ya karanta kyauta.

Daga nan na shiga neman wakilin adabi, domin a duk inda na karanta yadda marubutan Ingila da Amurka suke yi, shi ake ambata. A can manyan kamfanoni ba sa karɓar rubutu kai tsaye daga hannun marubuci. Sai ka rubuta wa wakili wasiƙa mai shafi ɗaya, ka haɗa da taƙaitaccen bayanin littafin da babobin farko. In ya yi masa, ya ɗauke ka, ya taya ka gyara, ya kai wa editocin da ya sani, ya yi cinikin kuɗin somin-taɓi da kason da za ka riƙa samu a kowane kwafi. Ladansa kashi 15 cikin ɗari na abin da ka samu, in kuma aka sayar da haƙƙin fassara a wata ƙasa yakan kai kashi 20. Ba ya karɓar sisi daga aljihunka, sai an saya yake ci. Na fassara babi biyu zuwa Turanci na aika wurare da dama. Akasari shiru. Wanda ya fi saurin amsawa shi ne wanda ya ce in turo dala ɗari biyu "kuɗin dubawa". Wannan ko a mafarki ka gan shi, ka juya kwanciya.

A nan Saudiyya kuma abubuwa sun motsa. An kafa Ma'aikatar Al'adu a 2018, a 2020 aka fitar da Hukumar Adabi da Ɗab'i da Fassara a ƙarƙashinta, ita ke shirya baje kolin littattafai na Riyad da Jidda da Madina, ta kuma shigo da tsarin wakilin adabi har da lasisinsa. A baje kolin Jidda, cikin Disamba, na samu zama da ɗaya daga cikinsu, matashi mai fara'a. Ya saurari labarin haihuwar nan ta kan hanya har ya manta da shayinsa. Da na gama ya tambayi harshen da aka rubuta littafin, na faɗa masa.

"Ya ustaz," in ji shi, "wallahi labarin nan namu ne, tarihin Makka ne. Amma wa zan kai wa? Editan da zan miƙa wa ba zai iya karanta layi ɗaya ba, mai kantin littattafai bai san kantar da zai ɗora shi ba. Kawo mini shi da Larabci mu yi magana."

Raina ya sosu a ranar, amma ban ga laifinsa ba. Wakilin adabi dillali ne, kuma dillali ba ya zama inda ba a cin kasuwa. Wanda ya san Kara a Wudil ranar Juma'a ya san dillalin shanu ba ƙaunar saniya ce ta zaunar da shi ba, ya san mai sayarwa, ya san mai saye, ya san la'adarsa. Littafin Hausa ba shi da jerin kamfanonin da za su yi tayi ɗaya bisa ɗaya, to kashi 15 na me zai ci? Shi ya sa duk matashin da ya tambaye ni yadda zai samu wakili don littafinsa na Hausa, nakan ce ya fara tambayar kansa wa zai sayi littafin, a wane gari, da wane kuɗi.

Na gwada bugawa da kaina a Jidda. Ƙa'idar a fili take: lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, da lambar ajiya daga Ɗakin Karatu na Ƙasa na Sarki Fahad da ke Riyad, sai izinin fitarwa da ake kira fasah daga hukumomin yaɗa labarai. Wata maɗaba'a ta yi mini kwafin gwaji. Da ya zo, an ɗinke shi ta dama irin na littafin Larabci, bangon gaba ya koma baya, duk inda ƙ da ɗ da ɓ suke kuma wani ɗan akwati ne ya fito. Waɗannan duk masu gyaruwa ne. Abin da ba ya gyaruwa shi ne lissafi. Riyal a ɗaure yake da dala, 3.75 tun 1986, naira kuwa da aka sake ta a watan Yunin 2023 sai ta gangara ƙasa sosai. Littafin da aka buga da riyal, in ya isa Kano da kuɗin jirgi a kansa, malamin makarantar da ya fi kowa son karanta shi ba zai iya saya ba. In ka juya lissafin kuma sai ya zama alheri: albashin riyal yana buga littafi a Kano ba tare da ka ci bashi ba.

Kano ba baƙuwar wannan harka ba ce. Tun da kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya, wanda aka kafa a 1966, ya fi karkata ga littattafan makaranta, marubutan shekarun 1980 suka daina jiran kowa. Su rubuta, su kai maɗaba'a da kuɗinsu, su zuba wa 'yan kasuwa a Sabon Gari, a biya su in an sayar. Wayar hannu ta karya wannan kasuwa, yanzu akasarin marubuta, musamman mata, a WhatsApp da Wattpad da manhajoji suke sayar da labari. Su ma manhajojin ba abin jingina ba ne gaba ɗaya, OkadaBooks da mutane da yawa suka dogara da ita ta rufe a ƙarshen 2023. Amma masu injin suna nan, masu tsara shafi da suka san ƙugiyar haruffanmu suna nan.

Ɗan baffana ne ya zama ƙafata a can. Tun farko na ce masa, "Yaya, zumunci daban, wannan daban, mu rubuta." Ya yi dariya ya ce Larabawa sun ɓata ni, amma ya sa hannu: kwafi nawa, wa ke riƙe da su, kasonsa nawa a kowane ɗaya, yaushe ake lissafi. Shi ya karɓo ISBN daga Ɗakin Karatu na Ƙasa na Nijeriya, shi ya kai musu kwafi ukun da doka ta ce a ajiye. Kuɗin da ban yi nadamar kashewa ba shi ne na edita, wani malamin Hausa da ya bi rubutun layi-layi. Zaman Jidda ya cika mini baki da Larabci ban sani ba. Ya ware mini inda Larabcin na tsofaffin ne, wanda dole a bar shi don haka suke magana, da inda nawa ne na kasala. Ya kuma raba ni da babin sarakunan nan, ya mayar da shi shafi biyu.

A nan ne jama'ar Facebook suka biya ni wahalata. Kafin a kunna inji na sanar cewa mai so ya biya tun yanzu, a rage masa. Abin da ya shigo ya ɗauke kuɗin takarda, ya kuma nuna mana garuruwan da za mu aika kaya, maimakon mu jibge su a shago ɗaya muna jiran tsammani. Kwafin da suka zo Saudiyya 'yan kaɗan ne, a jakar 'yan uwa masu zuwa Umara, na rabawa ba na sayarwa ba.

Saura mutanen da labarin nasu ne. Na kai wa wata tsohuwa a Makka nata kwafin, ta juya shi ta shafa bangon ta ce, "Ɗan nan, Allah ya yi albarka, amma ni me zan yi da shi? Karanta mini inda nake." Daga nan na zauna na karance littafin duka da bakina, babi-babi, na riƙa tura musu ta WhatsApp kyauta. A Hijaz wannan ne littafin. Wani abu kuma da ya shafe su: da yawa cikin masu ba ni labari suna da 'ya'ya ko jikoki da takardun zamansu ba su daidaita ba. Duk na sauya sunaye da unguwanni, wanda kuma ya ce a cire nasa bayan ya ji, na cire ko da ya fi kowanne daɗi. Marubuci zai koma gidansa da iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa, a aljihu, su ne za su kwana da abin da ya rubuta.

Larabcin ma an yi shi daga baya, tare da wata malama haifaffiyar Makka da ke jin harsunan biyu, muka yi yarjejeniya a rubuce cewa sunanta zai hau bango. Na koma wa wakilin nan, ya karɓa. A nan na ga amfaninsa da idona. Kamfanin farko da ya nuna sha'awa ya nemi in biya kuɗin buga kwafi dubu ɗaya, abin da ya zama ruwan dare a kasuwar littafin Larabci. Wakilin ya ce mu wuce, wanda ka biya shi ya riga ya ci ribarsa, ba abin da zai tashe shi tallan littafinka. Na biyu bai nemi kuɗi ba, amma takardarsa ta haɗiye komai: kowane harshe, kowace ƙasa, ba iyakar shekaru. Da na sa hannu a haka, da littafina na Hausa da ke Kano ya zama mallakarsu. Haƙƙin rubutu naka ne tun ranar da ka rubuta shi, Nijeriya da Saudiyya duk suna cikin yarjejeniyar Bern da ta tabbatar da haka, amma sa hannu ɗaya ya isa ya raba ka da shi. Wakilin ya mayar da takardar ta zama Larabci kaɗai, shekara biyar, lissafin ciniki duk shekara, in kuma littafin ya ƙare a kasuwa ba su sake bugawa ba haƙƙin ya dawo mini.

Saura magana ɗaya ba mu daidaita ba. Masu kamfanin suna son haƙƙin murya a kowane harshe, ni kuma na ce su ɗauki na Larabci su bar mini na Hausa, domin ba zan nemi izinin wani kamfani kafin in karanta wa tsohuwa labarinta ba. Wakilin yana ganin za su sauko, ya ce zai koma musu bayan hutun Idi.