Abin da ido ke karantawa kafin ya kai ga kalma

Duk wanda ya taɓa tsara shafi, ko na jarida ne, ko na fosta, ko na manhajar waya, ya san cewa ido ba ya jira a ba shi izini kafin ya yanke hukunci. Tun mai karatu bai kai ga kalmar farko ba, idonsa ya riga ya raba shafin gida-gida, ya ɗauki wannan da wancan a matsayin 'yan uwa, ya ware waccan a matsayin bare. A ganina wannan rabo na farko ya fi zaɓen launi da salon harafi nauyi a aikin mai zayyana, ko da yake su ne mutane suka fi yabawa.

Masana halayyar ɗan Adam na Jamus da ake kira 'yan Gestalt, wato Max Wertheimer da Kurt Koffka da Wolfgang Köhler, su ne suka fara zayyana ƙa'idojin wannan al'amari. A shekarar 1923 Wertheimer ya nuna shi da ɗige-ɗige kawai: idan tazarar da ke tsakaninsu ɗaya ce, ido zai ga jere guda, amma da zarar an matso da su biyu-biyu, sai ya ga tagwaye, kuma da ƙyar mutum zai tilasta wa kansa ganin wani abu dabam. Haka abubuwan da suka yi kama a launi ko siffa suke haɗuwa a ido. A 1992 wani masanin halayyar ɗan Adam, Stephen Palmer, ya ƙara da cewa abubuwan da aka kewaye da iyaka ɗaya ana ɗaukarsu rukuni ɗaya, ko da akwai ɗan nisa a tsakaninsu.

Ma'anar wannan ga mai zayyana ita ce, duk inda ya ajiye abu ya yi magana, ko ya yi niyya ko bai yi ba. Kanun da ya tsaya daidai tsakiyar sakin layi biyu bai faɗi na wane ne shi ba. A fom ɗin cikewa, idan kalmar "Suna" ta fi kusa da akwatin sama fiye da nata, mutane za su rubuta sunansu inda bai dace ba, sannan a ce ba su kula ba, alhali sun bi abin da shafin ya gaya musu ne. Wannan ɗora laifi a kan mai karatu yana damuna ƙwarai.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne takardar ƙuri'ar gundumar Palm Beach a jihar Florida ta Amurka, a zaɓen shugaban ƙasa na 2000. An baza sunayen 'yan takara a shafi biyu masu fuskantar juna domin a girmama haruffa saboda tsofaffin masu zaɓe, wanda kuwa kyakkyawar niyya ce, aka jera ramukan da mai zaɓe ke hudawa don nuna wanda ya zaɓa a layi ɗaya a tsakiya. George Bush ne na farko a hagu, kuma ramin farko nasa ne. Al Gore ne na biyu a hagu, amma raminsa na uku ne, domin na biyun na Pat Buchanan ne da ke shafin dama. An sa kibiyoyi masu nuna wa kowa raminsa, kuma babu kalma ɗaya ta ƙarya a takardar, sai dai ido ya saba cewa suna na biyu yana tafiya da rami na biyu, kuma wannan sabo ya fi ƙaramar kibiya ƙarfi. Buchanan ya sami ƙuri'u 3,407 a gundumar, adadin da shi kansa ya yarda cewa da yawansa ba shi aka nufa da su ba, kuma an soke takardu fiye da 19,000 saboda an huda su fiye da sau ɗaya. Bush ya ci Florida da ratar ƙuri'u 537.

Wurin da aka ajiye abu yana kuma nuna daraja: abin da ke sama, ko wanda aka bar wa fili a kewaye, shi ake fara gani, kuma inda ido ke farawa ya danganta da rubutun da mutum ya saba da shi, domin mai karanta Larabci daga dama yake somawa.

Saboda haka kafin in miƙa kowane aiki, nakan ja da baya in kanne ido har rubutun ya dushe ya zama dunƙule-dunƙule, sannan in ƙirga rukunan da suka rage. Idan na tsara bayani kashi uku amma na ga dunƙule biyar, ko ɗaya tak, sai in koma kan tazarar, in matso da kanu kusa da abin da yake shugabanta, in nisanta shi daga wanda ya gabace shi, tun ban taɓa launi ko harafi ba.